Alhaji Mai Shuɗin Kwano

Akwai wasu mutane da ya kamata a ƙwace musu waya a miƙa musu fartanya. Sun san kansu. Su ne masu zama cikin sanyin ofis a Abuja, su sa kwat, su kunna kyamara, su yi ta koya wa duniya yadda ake arziki da gidaje. Ba su taɓa bin hanyar Buruku ba. Ba su san inda Udawa take ba. Amma bakinsu ya iso har Birnin Gwari ya cinye wa bawan Allah sa sukutum, alhali ko ƙahonsa ba su gani ba.

Wani ne a unguwar Magajin Gari, can Birnin Gwari. Manomi ne, ba shi da wani aibu sai saurin yarda. Yana da shanun huɗa biyu, da babur, da 'yar gona a bakin gari, irin wadda mutum zai noma ba tare da yana waiwaye ba. A wannan zamanin, wannan ai sarauta ce.

Wata safiya bayan kaka yana zaune a teburin Sadiq mai shayi, sai Sadiq ya kunna wani bidiyo a waya. Wani mai kwat ne yake bayani. Ya ce ka nemi gidan da ya fi kowane lalacewa a unguwa, ka saya da araha. Ka gyara shi yadda za a hango shi daga nesa, don ido ne ke sayen gida. Sai ka sayar ninki biyu, ka koma ka nemi wani. Mutumin nan ya sa aka maimaita sau huɗu. Shayinsa ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, bai sani ba.

Ya koma gida ya shaida wa matarsa Furera cewa shanu za su kasuwa.

Ta ce, "Malam, da me za a yi huɗa?"

Ya ce kafin ruwan farko ya sauka zai dawo da shanu huɗu, biyu na aiki, biyu na kallo. Furera ta miƙe. Ta ɗauko karkiyar shanun, wannan itacen da ake ɗora wa biyun a wuya, ta jingina ta a tsakar gida daidai inda yake alwala.

Ya sayar da shanu, ya tafi wurin Maikuɗi dillali. Maikuɗi irin dillalan nan ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara lissafin la'ada. Mutumin ya ce gidan da ya fi kowane muni yake nema. Maikuɗi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shekara ashirin yana dillanci bai taɓa jin addu'arsa ta karɓu da wuri haka ba.

Ya kai shi gidan Baba Mamuda, can ƙarshen unguwa, inda daga bayan katanga sai gonaki, daga gonaki sai daji. Gidan ƙasa ne. Kwanon rufin ya yi tsatsa har ya koma kalar kunun kanwa, an danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi uku. Ƙyauren zaure ganga ce aka fasa aka miƙe. A katangar gabas akwai wata tsaga da akuya ke shiga ta fita ba sallama. Baba Mamuda tsoho ne siriri, rigarsa ɗaya, an ce tun ana kashe kwabo yake da ita. Ya yi ta share ido yana cewa a nan aka yanke masa cibiya. Da aka ambaci kuɗin shanu biyu, idon ya bushe, ya ce ya sallama. Aka rubuta takarda gaban mai unguwa. Maikuɗi ya karɓi la'ada hagu da dama. Tsoho ya kwashe tabarmarsa ya koma gidan surukinsa.

Mutumin ya sayar da masarar shekara, ya kira Obed birkila. Obed ya saurari tsarin aiki har ƙarshe, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Maigida, a nan wurin?"

Mutumin ya ce a nan.

"Ka duba gabas kuwa?"

Ya ce ya duba, daji ne, iska mai kyau. Obed ya ce to, shi dai aiki aka kira shi.

Aka sauke tsohon kwano, aka jefar da duwatsu da tayoyi da ƙyauren ganga a bakin hanya. Da la'asar sai ga Baba Mamuda yana tura kura, ya ce tun da shara ce bari ya taimaka ya kawar. Mutumin har godiya ya yi masa, ya ba shi na goro.

Aka yi filasta. Aka toshe tsagar akuya. Aka shafa fenti ruwan ɗorawa, aka zagaye ƙasan katanga da tayil. Aka ɗora sabon kwano shuɗi mai ƙyalli. Aka kafa get na ƙarfe, aka yi wa ƙusoshinsa ruwan zinare. Mutumin ya samo akwatin na'urar sanyaya ɗaki, fanko, babu komai a ciki sai gidan zanzaro, ya sa aka manna a bango ta waje, tun da mai kwat ya ce ido ne ke saye. Ya ɗora tankin ruwa a sama, babu famfo. Da rana ta take, gidan nan sai ya kama walƙiya. Masu babur suka fara kwatance da shi. Kaji suka daina bi ta layin. Wani makiyayi ya rantse tun daga tafiyar rabin yini yake hango shi.

Yara suka fara ce masa Alhaji. Shi kuwa ko Kaduna sau biyu ya taɓa zuwa. Amma ya ji daɗi, har tafiyarsa ta canza.

Maikuɗi ya kawo mai saye na farko, Abdulsamad, wanda kowa ya san da zinare yake harka, ko da yake in ka gan shi sai ka ba shi sadaka. Daga kan kwana ya hango rufin. Bai ko sauka daga babur ba. Ya tambayi Maikuɗi me ya taɓa yi masa a duniya da zai kawo shi nan da rana tsaka mutane suna kallo. Ya juya babur, ya bar Maikuɗi a tsaye.

Na biyu Malam Timothy ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Shi ya shiga. Ya shafa tayil, ya yaba fenti, ya ce aiki kam ya yi. Mutumin ya fara lissafin shanu huɗu a ransa. Sai Malam Timothy ya ce yana da tambaya ɗaya. In ya shiga gidan nan, nawa za a riƙa biyansa a wata?

Mutumin ya ce shi fa sayarwa yake.

Malam Timothy ya ce ya gane. Amma mai gadi ma ana biyansa, balle wanda zai kwana a cikin talla.

Na uku bai zo ba. Aike ya yi cewa don Allah a daina ambaton sunansa kusa da gidan.

Kwana biyu sai ga mai unguwa da maƙwabta. Suka zauna, aka gaisa, aka tambayi iyali. Sannan mai unguwa ya ce jama'a suna da koke. Tun da aka ɗora rufin nan kowa a layin ya zama maƙwabcin Alhaji. Wani ya mayar da awakinsa ƙauyen Gayam da ke cikin daji, ya ce can ta fi kwanciyar hankali. Wani yana zagayawa ta bayan masallaci don kada a ga ya fito daga wannan layin. Mutumin ya ce hassada ce, kuma mai kwat ya faɗa za a yi.

Ranar kasuwa wani direban katako ya neme shi har teburin Sadiq. An tare shi a hanyar daji, an karɓe masa waya da takalmi, an sake shi da saƙo.

Ya ce, "Kai ne Alhaji mai shuɗin kwano?"

Mutumin ya gyara zama ya ce shi ne.

"Mutanen daji suna gaishe ka. Sun ce aiki ya yi kyau. Wai tun da ka yi rufin nan ba su ƙara ɓatan hanya ba. Sun ce in sun sami sarari za su zo su sa albarka."

Kofin shayi ya suɓuce. Kafin ya kai ƙasa benci ya zama fanko, har Sadiq ya tuna yana da ta'aziyya a wata unguwa.

Mutumin ya isa wurin Maikuɗi ba hula. Maikuɗi ya ba shi ruwa, ya ce ai da ya tambaya. Mutumin ya ce ya tambaya mana. Maikuɗi ya ce a'a, gida ya tambaya, bai tambayi shawara ba, shawara kuɗinta daban. Ya karɓi kuɗin, sannan ya buɗe masa karatu. A garin nan, in ji shi, mai kuɗi yagaggiyar riga yake sawa. Ba a san wanda ke kai rahoto daji ba, yana iya zama mai gyaran takalminka, yana iya zama wanda ke bayanka a sahu. Gida yana daraja ne gwargwadon yadda mai wucewa zai tausaya wa na ciki. Wanda katangarsa ta zube, shi ke barci da munshari. Ya ce gidan Baba Mamuda yadda yake da, ai shi ne gidan da kowane attajiri ke mafarki. Shi kuma ya zo ya lalata shi da gyara.

Mutumin ya ce yanzu mene ne abin yi.

"A mayar da shi yadda yake da."

Abu na farko, Maikuɗi ya sa shi ya biya mai shela. Mai shela ya zagaye kasuwa yana sanar da jama'a cewa wane ɗan wane ba Alhaji ba ne, matsiyaci ne tun kakanni, bai taɓa kashe ko sisi a gidan nan ba, wanda ya ga wani abu shuɗi sama ce ya gani. Mutumin da kansa ya maimaita haka gaban mai unguwa da shaidu. Maƙwabta suka ce su ma dama ba su ga komai ba.

Sannan ya sayar da babur, ya sake kiran Obed. Obed ya ce kuɗin aiki ya ƙaru. Sabon gini kowane birkila zai yi, amma tsufar shekara sittin cikin mako uku sai gwani.

Aka tashi neman kwano mai tsatsa. Babu. Ashe duk garin an gano sirrin, tsohon kwano ya fi sabo tsada, har akwai masu jiƙa sabo da ruwan gishiri suna sayarwa, amma masana suna ganewa. Maikuɗi ya ce mutum ɗaya ya sani da ke da na asali. Suka tafi gidan surukin Baba Mamuda. Ga kwanon nan a jere a inuwa, an lulluɓe shi da buhu kamar jariri. Ga ƙyauren ganga. Ga tayoyi uku. Ga duwatsu, an shirya su manya da ƙanana.

Mutumin ya ce, "Baba, ai sharar gidana ce."

Baba Mamuda ya ce, "Da kam, ɗana."

Aka yi ciniki. Tsoho ya yarda, don zumunci, zai karɓi shuɗin kwanon duk da hatsarin da ke cikin ajiye shi, a yi masa ciko, ya ba da mai tsatsa. Get ɗin ƙarfe ma ya karɓa a bakin ƙyauren ganga, da ciko. Tayoyi kuɗinsu daban. Da aka zo kan duwatsu mutumin ya ce dutse kam ai yana ko'ina. Baba Mamuda ya ce ya je ya ɗebo mana. Sabon dutse a kan tsohon kwano, ko makaho daga daji zai gane an shirya ne. Aka sayi duwatsu. Maikuɗi ya karɓi la'ada a kan kowane ɗaya.

Aiki ya kankama. Obed da mutanensa suka kankare fenti, suka kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu suka yaɓe katanga. Mutumin ya roƙa a bar masa tayil ɗin cikin ɗaki, tun da ba a gani daga waje. Maikuɗi ya tambaye shi ko mata ba sa zuwa barka, ko ba sa komawa gida da baki. Aka rufe tayil da daɓen ƙasa. Tanki ya sauka. Akwatin sanyi ya sauka, zanzaro suka yi wa Obed sallama a kunne.

Saura tsagar akuya. Ba wanda ya tuna daidai inda take. Dole aka ɗauko Baba Mamuda a matsayin masani, da kuɗin zama da abincin rana. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya yana nuni da sanda. A nan. A'a, matsa hagu. Ƙasan ya fi faɗi. Obed ya fasa, tsoho ya ce tsagar ta yi kyau da yawa, tasa ba ta da wannan tsari. Aka toshe aka sake. Da aka gama ya ce sai an gwada da akuya. Aka kawo ta maƙwabta, ta tsaya ta shinshina ta ƙi shiga. Baba Mamuda ya ce ai ba za ta shiga ba, ba ta san gidan ba, amma tasa tana nan, yana ba da haya. Aka yi hayar akuya. Ta zo ta wuce fit, ko gefe ba ta taɓa ba. Leburori suka tafa. Mutumin ma ya samu kansa yana tafawa.

Ranar da aka ɗora dutse na ƙarshe, gida ya koma yadda yake sak. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta yi wa masu gidan addu'ar Allah ya yaye musu. Maikuɗi ya ce ka ji, wannan ita ce shaidar aiki.

Sai dai bazara ta yi nisa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Maƙwabtan gona sun gama sharar gona, masu shanu suna gyaran garma. Kullum da asuba mutumin zai tsuguna alwala, ga karkiya a jingine tana kallonsa. Furera har goge mata ƙura take yi.

Ya matsa wa Maikuɗi. Maikuɗi ya ce Abdulsamad ya ce gidan yanzu ya yi, amma sunan ya riga ya fita. Malam Timothy ya ce har yanzu yana nan a kan batun albashi. Sai dai akwai mutum ɗaya, dattijo, mai son tsofaffin gidaje, zai kawo shi bayan azahar.

Bayan azahar sai ga Maikuɗi da mai unguwa da shaidu, da Baba Mamuda a tsakiyarsu.

Tsoho ya yi sallama a zaure kamar baƙo. Ya zagaya gidan a hankali. Ya ƙwanƙwasa katanga, ya leƙa rijiya, ya ɗaga kai ya dubi rufi ya girgiza kai. Ya tsaya a gaban tsagar akuya ya yi tsaki. Sannan ya taya rabin abin da aka biya shi.

Mutumin ya ce albarka. Tsoho ya ce to, ya fara neman takalminsa. Daidai nan aka yi wata tsawa can wajen daji, iska mai ƙanshin ƙasa ta taso.

Ran mutumin ya ɓaci. Ya miƙe, murya ta hau. Ya ce rabi kamar yaya? Shi da ya zuba masarar shekara guda a gidan nan, ya zuba babur, ya sayi siminti buhu...

Maikuɗi ya toshe masa baki da tafin hannu. Ya nuna masa hanya da ido. Ga mai gyaran takalmi ya tsaya. Ga mai rake ya ajiye kura. Ga wani da ba a san shi ba yana ɗaure igiyar wando da ba ta kwance ba.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ka ce ka kashe kuɗi a gidan nan?"

Mutumin ya dubi mai gyaran takalmi. Ya dubi daji.

Ya ce, "Ban kashe ba."

"Ko sisi?"

"Ko sisi."

Mai unguwa ya tambayi shaidu ko akwai wanda ya taɓa ganin an yi wa gidan nan wani aiki. Suka ce su dai tun suna yara haka suka san shi. Obed, da ya zo karɓar cebur ɗinsa, ya ce shi bai taɓa shigowa layin nan ba.

Baba Mamuda ya dafa kafaɗar mutumin, cikin tausayi.

Ya ce, "Ka ji ko, ɗana. Wata shida gida yana hannunka, ko ƙusa ɗaya ba ka buga ba. Dubi tsagar nan. Yadda na bar ta haka na same ta. Rabin ma don ina jin kunyar mahaifinka ne."

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwano mai tsatsa, ya zarce ta huda, ya sauka a kan hancin mutumin. Ya ce ya sallama. Maikuɗi ya karɓi la'ada hagu da dama. Akuya ta shigo ta tsagarta ta kwanta.

Duk mai ganin ƙari nake yi, ga hanya nan, motoci suna tashi daga Kaduna kullum. Ya je Magajin Gari ya bi gida gida. In ya sami mutum ɗaya, ɗaya tak, da zai ce ya taɓa ganin shuɗin kwano a layin nan, ya dawo ya ƙaryata ni a gaban jama'a.

Washegari mutumin ya tafi kara, kasuwar shanu, da abin da ya rage. Shanu sun yi tsada, kowa huɗa yake nema. Ya zagaya, ya taya, aka yi ta ce masa albarka. Da la'asar ya shigo gida yana jan sa ɗaya, ramamme, mai karyayyen ƙaho.

Furera tana tankaɗe. Ta dubi san. Ta leƙa bayansa ko akwai wani. Ta tashi ta karkaɗe zaninta, ta ɗauko karkiya, ta ɗora gefe ɗaya a wuyan san ta ɗaure. Ɗaya gefen ta riƙe shi a sama.

Ta ce, "Bismillah, Alhaji. Sunkuyo."